Priz Ɗaya Gare Mu

Litinin, 4 ga Mayu 1998

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Baba. Na ci abinci, na yi salla, na ɗinka wando biyu. Ban yi kuka ba. Na zauna na jira shi ma, bai zo ba.

Alhamis, 7 ga Mayu

Ramatu ƙanwata ta koma gida yau. Ita ta kawo mini labarin, bayan ta bi shagunan unguwar Maourey ɗaya ɗaya tana tambaya. Ta ce, "Yaya Alu, kwana uku ana kiranka a rediyo. Kowace mota ta tsaya sai Baba ya ce, shi ne?"

Na ce an ɗauke kuran ne a kwanakin, ba wutar lantarki.

Hamidu mai shagon yana tsaye yana ji. Ya sunkuyar da kai.

Asabar, 9 ga Mayu

Bari in rubuta yadda abin yake, ko a nan kaɗai. Priz ɗaya gare mu a shagon nan, wurin jona wuta ɗaya tal. Tun zuwana Yamai rediyo ke cikinta, don bayan labaran rana ake karanta sanarwa: wane ya rasu, wane ya zo gida maza. Duk wanda ya baro ƙauye ya san ba a wasa da lokacin nan. Balle ni, da ko maƙwabta sun ji ba za su gane ba, don a gida ni Alu ɗan Buba ne, a nan kowa Tela yake ce mini.

Sai Hamidu ya dawo daga Kotonu da na'urar wasa, 'yar toka-toka, ana sa mata faifai a haɗa ta da tele. Ni na cire rediyon. Da hannuna.

Laraba, 13 ga Mayu

Ba ɗinki. Ma'aikata suna yajin aiki, hatsi ya gagari mutane, wa zai kawo yadi? Sojoji na zaune a mararraba, har na daina ganinsu.

Yau na yi ta tuna ranar farko. Da can na san wasan tele, irin wanda mutum ke tafiya dama kawai kamar an manna shi a bango. Wannan kuwa da Hamidu ya kunna sai na ga ɗaki a cikin tele. Ɗaki mai ciki, mai lungu! Wani mutum tsaye ya ba ni baya, kansa kamar bulo. Hamidu ya miƙo mini abin dannawa, manet, ya ce da Hausarsa ta Zabarmawa, "Tela, tafi ka gani."

Na danna, mutumin ya taka, bango ya matso. Da na zo kwana sai na leƙa da wuyana gefen tele, wai in ga abin da ke bayan bangon. Hamidu ya yi dariya har ya faɗo daga benci. Na juya mutumin, ashe akwai duniya a bayansa ma. Kaina ya yi ta juyawa, na fita na yi amai a kwata, na kurkure baki na dawo na ce a ba ni.

Na yi murna ranar, wallahi na yi. Yanzu ina tuna ta kamar labarin wani.

Lahadi, 17 ga Mayu

Zafi. Ko gajimare ɗaya babu.

Juma'a, 22 ga Mayu

Har yanzu ina yin wasan, ban san dalili ba. Ba na yaƙin da aka ce a yi. In an fita daga ɗakin nan akwai fili kore shar da kogi a ƙarshensa, can nake kai mutumin in tsayar da shi bakin ruwa. Hamidu ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Mutane suna kashe dodo, kai kana kiwo!"

Ranar da na fara gano kogin cewa na yi a raina, da Baba zai ga wannan ciyawa. Damina ta ƙi bara, shanunsa huɗu sun mutu, ya yi ta yashe rijiya har ƙirji ya kama shi. Na lissafa yanzu. Ranar nan ce ta biyu cikin kwana ukun da ake kirana.

Na rubuta wannan, na dube shi, ban ji komai ba. Ko dutse ne a ƙirjina, oho.

Talata, 26 ga Mayu

Direban motar Dutsi, mai bi ta ƙauyenmu, ya kawo saƙon mahaifiyata, Inna Tabawa. Wai kar in sa wa raina damuwa, laifin kuran ne, ba nawa ba. Wai Allah ya yi mini albarka. In zo sadakar arba'in ranar Talata mai zuwa.

Da zagina ta aiko, da ya fi mini sauƙi.

Na ce wa direban aiki ya yi yawa. Ya dubi keken ɗinkin da ƙyalle a rufe, ya ce to.

Alhamis, 28 ga Mayu

Hamidu ya ce, "Tela, ni ban ji ba, ban gani ba. Amma ka je ka ga tsohuwa." Na ce ya kula da dodanninsa. Na yi masa tsawa, bai cancanta ba.

Ba za ni ba. Da wane ido?

Asabar, 30 ga Mayu

Hamidu ya fita da rana. Ina tsaye bakin kogin nan, na ji kiran azahar ya kusa, hannuna ya kai ga priz. Tele ta mutu. Na sa rediyo, sai da na hure mata ƙura.

Sanarwa bakwai. Ta biyar: Halidu ɗan Adamu, direba a unguwar Bobiel, ya zo gida maza, mahaifiyarsa na kwance.

Ban san shi ba, ba abin da ya haɗa mu. Na rufe shago na tafi Bobiel cikin ranar nan. Majalisar direbobi ta farko ba su san shi ba, ta biyu ma haka. A ta uku wani ya ce, "Ko Dogo ne? Kamar sunansa Halidu." Na same shi kwance ƙarƙashin mota. Na faɗa masa. Ya fito da baƙin mai a hannu, ko godiya bai yi ba, ya ruga.

Ya kyauta da bai tsaya ba.

Lahadi, 31 ga Mayu

Na samu wuri a motar Dutsi, gobe bayan asuba. Ba wai na yanke wani abu ba ne, arba'in ce, dole a gan ni.

Na ce in ƙarasa wa Inna riga kafin in tafi. Zare ya ƙi shiga allura, ido ya yi ta ruwa. Zafi ne. Hamidu ya karɓa ya zura mini, bai dube ni ba.

Na bar rediyo a priz, na ce masa kar ya taɓa ta sai an gama sanarwa. Ya ce to, Alu. Ban san ya riƙe sunan ba.

Tun ɗazu nake gwada maganar a bakina, ta ƙi fita da ƙarfi, to ga ta a rubuce: Inna, akwai kuran. Duk kwana ukun akwai kuran.