Zogalen da Na Dasa a Ƙasar Council

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da ke na cika umarninki, na sayi gida a London. Sai dai na rasa bakin da zan faɗa miki abin da na saya.

Kin tuna ranar da zan taho, kika ƙulle mini irin zogalen tsakar gidanmu a ƙyalle, kika ce kada in kuskura in shuka shi a gidan haya. "Ɗan haya baƙo ne ko ya yi furfura."

Da kika rasu aka raba gado, na sayar wa Yaya Sani kasona na gidan Gwammaja, na haɗa da bashin banki, na sayi flat ɗin da na daɗe ina haya a ciki, a benen council, wato ƙaramar hukumarmu ta nan. Har waina na raba wa maƙwabta.

Lauya ya yi ta ambaton lease, ni kuwa da kunnen Bakanuwa nake saurarensa: wanda ya biya kuɗin gida, nasa ne daga ƙasa har sama. Ashe shekaru na saya, Inna. Ƙasa ta 'yan council ce, rufi nasu, matattakala tasu. Shekarun ma zaizayewa suke kamar sabulu, in ina son ƙari sai na sake biya.

Abin takaicin, kayansu ne amma ni ce mai gyara. Ga kuɗin shara, ga na fitilar baranda, ga na lif ɗin da ba ya aiki sai ya ga dama. Bana suka ce za su sauya rufi da tagogi, kason da suka yanka mini ya fi albashina na shekara. Maƙwabciyata 'yar haya ko sisi ba za ta bayar ba. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. In na kasa biya flat ɗin zai fita daga hannuna, 'yata Ummi takwararki kuma ba abin da zan bar mata.

Cikin irin nan naki ƙwaya ɗaya ce ta tsira. Na raine ta a bakin taga, da zafi ya shigo na dasa ta a kusurwar ciyawar ƙasan bene, wai ni mai gida. Ta kai gwiwa. Na dawo daga aiki na tarar masu yankan ciyawa sun aske ta. A ofishin council aka yi mini murmushi, aka ce ba ni da izinin shuka a wurin. Ladan masu yankan kuwa yana cikin abin da nake biya. Da kuɗin gidanki aka sare miki zogale.

Innata, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar jana'izarki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya ba ki gida a Aljanna wanda shekarunsa ba sa ƙarewa. Amin.

'Yarki Bilkisu,
wadda ta fara furfura, har yau kuma baƙuwa ce.