Zoben Furen Roba da Irin Geron Baba

Zuwa ga yayana Idi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi a inda kake kwance, na ɗauki alƙalami ne kan maganar da na daɗe ina taunawa ta ƙi haɗiyuwa.

Wata Alhamis ce, cikin kakar shekarar da naira ta fito, shekarar da ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai. Tun daga ranar ban ƙara ganin furen roba raina bai ɓaci ba. Yanzu kuwa ga shi a teburin kowane ofis da gaban kowace mota, mutane na yaba shi don ba ya bushewa. Abin da bai taɓa rayuwa ba, ina zai bushe?

Ka tuna an aiko cewa wani babban jami'i zai zo daga birni ya ga ɓarnar fari da idonsa, a rubuta garuruwan da za a kai wa hatsi da anguryar shanu. Kai kana ƙauyenmu, Babban Duhu, da garken da Baba ya bar mana. Ni ina koyarwa a Safana, ina sa takalmi sau-ciki, ina jin kaina wani abu. Masu shirya tarbar baƙo suka yi kwana uku suna zama. Ba a kan rijiyoyin da suka ƙafe ba, a kan abin da za a rataya a ƙofar rumfa, kada baƙo ya ce mu ƙauyawa ne.

Sai aka tuna da ni. A kwalejin horon malamai wata Baturiya ta koya mana yadda suke naɗa zoben ganye da fure su rataya a ƙofa in kakarsu ta zo, na kuwa sami yabo a kansa. Aka tura mota har Kano, a shekarar da jakuna ke faɗuwa a hanya, ta dawo da kwali biyu na furanni da ganyen roba. Ganyen ja ne da ruwan ɗorawa, mai yatsu kamar tafin hannu, na wata bishiya da ba ta taɓa tsirowa a ƙasar Katsina ba.

Da zuciya ɗaya na yi aikin, Yaya, abin kunyar ke nan. Na lanƙwasa waya mai kauri ta kai girman tayar keke. Na jera manyan ganye suna kallon gefe guda, ina ɗaure kowanne da siririyar waya, sannan na cusa furannin uku-uku yadda aka koya mini, ina ja da baya ina karkata kai. Akuyar maƙwabcina ta shigo ta shinshina, ta juya ta yi tafiyarta. A shekarar har takarda akuya ke ci. Duk Safana ita kaɗai ta gane abin da ke gabanta.

Shugaban masu shirin, wani mai tumbi da ba ya cire baƙin tabarau ko a inuwa, ya duba ya ce da sauran aiki. Tunda kaka ce, a sa zangarniyar gero, mai kyau, ba irin ta bana ba. Na san inda mai kyau take. Na hau keke na zo maka.

Irin geron Baba nake nufi, wanda kake zaɓa kowace kaka ka rataya a rufin ɗakin girki, hayaƙi na tsare shi daga ƙwari. Bana ka shuka sau biyu ya ƙone, saura 'yan zangarniyun da ka hana kowa taɓawa saboda baɗi. Na ce maka aro ne, jibi zan maido. Ba ka tambaye ni na mene ne ba. Ka ce, "Kai ne mai boko, ka fi ni sanin abin da ke da amfani." Ka sauko da su da hannunka ka naɗe mini a tsumma.

Na soka su a zoben, tsakanin furannin roba. Sun yi kyau, Allah ya sani.

Ran Alhamis ka iso da hantsi da damin geron bana a ka, sirara, babu ƙwaya, don baƙo ya gani. Mai tabarau ya hango ka, ya yafito ni, ya ce in kawar da wancan Bafulatanin zuwa bayan makaranta har a gama cin abinci. Na zo na faɗa maka. Da Hausa na faɗa maka, ba da Fulatancin da Inna ta rene mu da shi ba, don kada na kusa su gane cikinmu ɗaya. Ka dube ni, ka gyara damin, ka tafi.

Baƙon ya iso bayan azahar. Bai taka gona ko ɗaya ba. Ya tsaya a ƙofar rumfa ya murza zangarniyarka da ke jikin zoben, ƙwaya ta cika masa tafi, ya ce, "Ashe nan Allah ya rufa asiri." Manyan gari suka gyaɗa kai suna dariya, wai ba a musa wa baƙo. Ni ma bakina a rufe, don ya tambayi wanda ya yi aikin an nuna ni, kaina ya yi girma. Ya ci shinkafa, ya sha lemon kwalba, ya ce uwargidansa za ta so wannan abu. Aka cire zoben aka sa masa a bayan mota. Kana can a zaune kan daminka har la'asar.

Angurya ta tafi wasu garuruwan. Mai tabarau kuwa gaba ya yi ta ci, har ya mutu ana kiransa mai kishin jama'a.

Ba ka taɓa yi mini gori ba, Yaya, da ma ka yi. Da na zo maka hannu wofi ina kame-kame, sai ka dama mini fura da ɗan nonon da ya rage, ka ce in sha, rana ta buge ni a hanya. Kai ne ka tsaya da kiwo don ni in tafi makaranta, kai ne kake goya ni mu tsallake rafi in littattafaina za su jiƙe. Da rani ya tsananta ka kora shanun zuwa kudu, ka ce ba za ka dawo ba sai ruwa ya sauka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai daga ruwan da ba ya ƙafewa. Ni kuma ya yafe mini, in akwai sauran rabo.

Shanun ba su dawo ba, kai ma ba ka dawo ba, ban san inda kabarinka yake ba. Irin geron Baba kuwa babu mai shi yau, daga Safana har Batsari. Na bi gida-gida na tambaya.

Ƙaninka,
Haruna