Abin da Sani ya ɓoye cikin rawani

Arlit, daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Ƙanena Sani na kwance a gefena yana nishi, jikinsa zafi rau.

Tun da ya fara aikin lebura a sabuwar mahaƙar ma'adinai yake naɗa rawani har bisa hanci, ni kuwa ina yi masa dariya wai ya zama Buzu. Yau a shinge soja ya daka masa tsawa ya kwance, don yanzu duk mai rufe fuska ɗan tawaye ne a idonsu. Da ya kwance, sojan ma sai da ya kau da kai. Kuncinsa ya kumbura har ido ya kusa rufewa.

"Yaya, ai haƙorin ya daina ciwo tun da na ɗiga masa ruwan batir," in ji shi. "Tsoro nake su gani su ba wani aikina."

Na kai shi wurin lokotoro, ya ce daina ciwon ba sauƙi ba ne, jijiyar ce ta mutu, mugunya kuma ta taru a saiwar. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce sai an cire haƙorin a Agadas. Hanya duk nakiya, mota ba ta fita sai da rakiyar soja, ba wanda ya san ranar. Asibitin kamfani kuma ba ya karɓar leburan ɗan kwangila.

Ni na ɗauko yaron nan daga gaban Inna a Maraɗi. Ɗaki ɗaya muke kwana, ban gani ba.

Ɗazu ya roƙe ni in tashe shi da asuba ya tafi aiki. Ya ajiye rawanin kusa da kansa.