Ɗinkin da Sagir Ya Gama da Wuri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya yalwata makwancinki, Ya sa kina cikin ni'ima. Mu a nan Katsina an gama azumi lafiya, an sauko Idi. Wannan ce Sallah ta farko da muka yi babu ke, kuma saura ƙiris mu yi ta babu autanki Sagir. Abin da ya zaunar da ni rubuta miki ke nan. Shi da kansa ya ce in sa ta inda mutane za su gani.

Kin san halin ɗanki da ɗinki. Duk Ƙofar Guga babu telan da ya kai shi hannu, babu kuma wanda ya kai shi saɓa alkawari. Ke ce kike cewa, "Wanda ya ba Sagir ɗinkin ƙaramar Sallah, ya sa rai da babba." Mata su cika zaurenmu da faɗa ranar jajibere, ke kina ba su haƙuri, shi yana sulalewa ta baya.

To bana, Inna, tun kafin goman ƙarshe ya sallami kowa. Ya bi gida gida da kansa yana kai kaya a goge, a ninke. Duk inda ya shiga sai ya ce a yafe masa. Ya kai wa Kawu Isiya agogonsa. Ya raba rigunansa a masallaci. Keken ɗinkinsa ma ya ce wa maƙwabcin shagonsa ya riƙe.

Unguwa ta ɗauka da yabo. Wata ne na kyauta da neman gafara, kowa abin da yake yi ke nan, wa zai ga aibu? Kawu har cewa ya yi, "Rasuwar uwa tai ta sa yaron ga ya yi hankali." Aka ce ya rame, aka ce ai azumi ne. Aka ce ba ya barci, aka ce ai tahajjud ne. Ya daina zama majalisa, aka ce ya kama ibada.

Ran nan da la'asar sai ga shi gidana a Kambarawa da ƙullin kayan yara. Na kwance ina tsokanarsa, na ce yau wace rana. Na 'yata Ummi na fara ɗagawa. Riga ɗaya daidai jikinta. Ta biyu ta ɗara ta kaɗan. Ta ukun kuwa sai nan da shekarun da ban sani ba za ta cika ta. Na duba na ƙannenta, haka. Na ce masa wannan fa? Ya ce, "Yara saurin girma gare su, Yaya. Kar su rasa." Na ce kai ina naka ɗinkin? Ya ce shi bai yi ba. Sannan ya zaro makullin ɗakinki ya ajiye mini a kan tabarma, ya ce in riƙa leƙa kajinki.

Telan da yake da shago a buɗe ba ya ɗinka wa yaran 'yar'uwarsa kayan shekarun gaba. Sai na ga fuskarsa a sake, babu damuwar da na saba gani tun ranar da aka ɗauke ki, kamar wanda ya gama shirya jaka yana jiran mota. Wannan natsuwar ta fi komai ba ni tsoro.

Na tuna yadda kike yi idan kin zargi ɗayanmu da ɓoye ciwo. Ba kya kewaye-kewaye. Kina cewa, "Faɗa mini da bakinka, kar in ji a bakin wani." Na kori yara waje. Kalma ce da ba a furta ta a gidanmu, ga shi muna cikin azumi. Amma na furta. Na ce, Sagir, kana tunanin kashe kanka ne?

Bai yi fushi ba, Inna. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Na gaji, Yaya. Ban san yadda zan sauko Idi in tarar da ɗakinta a rufe ba." Daga nan sai kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar jana'izarki. Ni ma na yi. Na riƙe hannunsa har aka kira magariba, ban yi masa wa'azi ba, ban kuma bar shi ya tafi ba.

Shekara biyu yana jinyarki. Shi ke juya ki, shi ke kai ki asibiti, shi ya san lokacin kowane magani. Da kika tafi, mu muka koma gidajenmu da 'ya'yanmu, shi ya koma gidan da babu motsin kowa. Ya ce duk watan nan yana jin mutane suna lissafin Sallah da murna, shi kuwa yana jin ta tana matsowa kamar ranar hukunci.

Da mijina ya sanar da Kawu, ya iso da zafinsa. Ya fara da cewa haramun ne, rashin tawakkali ne. Sagir ya ce masa a hankali, "Kawu, na sani. Sanin ne ya hana ni faɗa wa kowa." Kawu ya sunkuyar da kai. Washegari shi ya riga mu shiga mota zuwa asibiti, ko da yake a hanya ya yi ta roƙon kada maganar ta fita, kar a ce ɗan gidanmu ya taɓu.

Likitar ta saurare shi ita da shi, sannan ta kira mu. Ta ce ciwo ne, ciwon damuwa, yana kama mai ibada da marar ibada, kuma yana jin magani. Ta ce tambayar da na yi ba ta sa wa mutum tunanin, sai dai ta buɗe masa ƙofar magana. Ta ba shi magani da ranar dawowa, ta ce kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Muka dawo da shi gidana. Kawu yana zuwa yana yi masa addu'a, mu muna ba shi magani a kan lokaci.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ya warke ba. Wata rana ya yi hira da yara, wata rana ko gaisuwa da ƙyar. Amma yanzu idan abin ya taso masa yana faɗa. Ya ce in gaya wa mutane, idan ɗan'uwansu ya cika sallama ana cikin hidimar Sallah, su ajiye aikin su tambaye shi, su kuma jira amsa.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi ya ce zai je maƙabarta ya gaishe ki, kuma shi kaɗai yake so. Na rasa abin yi. In hana shi zuwa wurin uwarsa, ko in sake shi? A ƙarshe ya yarda mijina ya raka shi, ya tsaya daga nesa. Suka tafi. Gida ya cika da 'yan yawon Sallah, ina zuba abinci ina amsa barka, kunnena yana ƙofa. Na san yana tare da mutum, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Miyar ma sai da ta kama.

Da azahar na ji sallamarsa a zaure. Ya shigo da ƙasa a gwiwoyin wandonsa, idonsa jawur. Ya zauna ya ce, "Na ce mata ba yanzu ba, Yaya. Akwai sauran tuwo?"

Inna, kin ji daga bakinsa, ga shi kin ji daga nawa. Mun san kina son ɗanki, amma muna roƙon Allah Ya bar mana shi har ya yi furfura.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna. Allah Ya ba Sagir lafiya, shi da duk wanda Sallar nan ta yi wa nauyi, Ya haɗa su da wanda zai zauna ya saurare su. Idan lokacinmu ya yi, Ya sa mu cika da imani, mu zo miki a ranar da Ya rubuta. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Binta