Muryar Laure a Cikin Rikoda

Sule Tankarkar,
Ta Gumel, Jihar Kano.
Mayu, 1977.

Zuwa ga yayana, Hamma Sajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a zangon shanu na Agege. Allah ya tsare ka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Hadari yakan haɗo ta gabas ya watse, har yanzu ba a yi shuka ba. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi, tana takawa har bakin zaure. Maigidana Bilya yana nan yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Maigatari, shi ne ma zai ba direban motar shanu wannan takarda ya kawo maka.

Hamma, idan wani ne zai karanta maka, ka zaɓi mai riƙon amana ku keɓe, kuma ka zauna tukuna. 'Yarka Laure ta yi magana. Na ji da kunnena, Goggo ta ji, Bappa Isa ya ji.

Ka fi kowa sanin cewa tun shekarar fari, ranar da bakin rijiyar nan ta Gagarawa ya zabtare da mahaifiyarta Mairo, Allah ya jiƙanta, yarinyar nan ba ta sake buɗe baki ba, ba Fulatanci ba Hausa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibitin Gumel suka ce kunnenta da harshenta ƙalau suke. Da ka bar mini riƙonta ka tafi kudu, na haƙura na karɓe ta a haka. Bara da aka buɗe makarantar gwamnati aka ce kowane yaro ya shiga, na kai ta ne kawai don ta rabu da zaman ɗaki, ban sa rai da komai ba. Yara suna ce mata bebiya, don haka ko an fita tara ba ta fita, sai ta zauna a aji ita kaɗai.

Malaminsu wani saurayi ne, Malam Cindo, bai daɗe da gama makarantar horon malamai ba. Yana da rikoda, irin wadda ake sa wa kaset da batir. Yakan ɗauki darasin Turancin da ake yi wa makarantu a rediyo, ya zo ya kunna wa yara, su maimaita. Daga nan sai ya kira su bibbiyu su yi magana a gabanta, ya mayar musu su ji muryarsu, suna ta dariya. Ya ce haka suka fi saurin kamawa. A makon da ya wuce darasin nasu a kan ɗiban ruwa ne, ya zana rijiya da guga da igiya a allo, suna koyon sunayensu. Rannan aka fita tara ya manta bai kashe rikodar ba. Da ya koma gida yana sauraron aikin yara, bayan hayaniya ta ɗauke sai ya ji wata murya siririya, a dishe, tana jera kalmomin darasin daidai, har da yadda matar rediyo take lanƙwasa harshe. Ya yi ta tunani bai gane mai ita ba. Kashegari ya bar ta a kunne da gangan, ya zagaya bayan taga ya leƙa. Ya ce da ya ga Laure tsaye gaban tebur, ta sunkuya bakinta dab da rikodar, sai da ya dafa bango.

Bai kunna wa kowa a makaranta ba, Allah ya saka masa da alheri. Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar gidanmu rungume da rikodar. Laure ta tafi kai wa maƙwabta fura. Na aika aka kira Bappa Isa, muka zauna a zaure, ni da shi da Goggo. Malam ya danna. Hamma, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Na yi zaton na manta muryarta, ashe ban manta ba. Ita ce, sai dai ta girma. Goggo ta saki sandarta tana salati. Na fara murna ina hawaye, sai na lura fuskar malamin babu murna. Na tambaye shi me take cewa. Ya ce na farkon darasi ne, amma na ƙarshen ba shi ya koya mata ba, ita ta harhaɗa da 'yan kalmomin da ta sani. Bappa ya ce ya fassara kawai.

Ga abin da ya ce ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce sunanta Laure. Ta ce uwarta tana cikin rijiya. Ta ce igiya tana hannunta. Ta ce igiyar da zafi. Ta ce ita ƙarama ce. Sannan ta ce ta buɗe hannunta. Wannan na ƙarshen ta yi ta maimaita shi har yara suka dawo aji.

Mu duka mun ɗauka a gefe take tana wasa lokacin da abin ya faru, haka waɗanda suka fara isa wurin suka ce sun same ta, a zaune. Sai Goggo ta fashe da kuka, ta ce ita ce ta shafa wa yarinyar man shanu a tafin hannu a ranar, duk sun sale, ta ɗauka faɗuwa ta yi garin gudu, kuma hankalin kowa yana kan gawa, ba wanda ya tambaya. Ashe da ƙasa ta tafi da Mairo ita Mairon tana riƙe da igiyar guga, ɗaya bakin igiyar yarinyar nan ta cafke. 'Yar da ko tulu ba ta iya ɗagawa. Duk shekarun nan tana kwana tana tashi a ɗakina da tunanin ita ta saki uwarta, ni ina ba ta tuwo ina yi mata kitso, ban sani ba.

Bappa Isa bai ɗauki maganar yadda muka ɗauka ba. Ya miƙe ya ce wannan ba Laure ba ce, iska ce a jikinta, domin ba a taɓa yin mutumin da ya kasa harshen uwarsa ya yi na Bature ba. Ya ce ƙarfen nan ne ya jawo mata, ya kori malamin daga zauren. Don a raba gardama muka je wurin liman da rikodar. Ya saurara sau biyu, ya ce shi bai ji aljani ba, ya ji marainiya mai ciwo a zuci, a yi mata addu'a a bar ta da karatunta. Malam Cindo kuma ya ce a ganinsa ta zaɓi Turanci ne don ta san a gidanmu ba mai ji, ita kuwa rikoda ba ta kallon mutum, ba ta yi masa faɗa. Duk da haka Bappa ya kafe. Ya ce da an yi ruwan farko zai ɗauke ta ya kai ta ruga wurin 'ya'yansa, inda ba makaranta ba rediyo, sai dai in ubanta ne ya hana shi. Ka san ba ni da bakin ja da shi.

Na gwada yi mata magana. Na riƙe hannunta na ce ba laifinta ba ne, sai ta fizge ta shige bayan rumbu, ta yini ba ta ci abinci ba. Goggo ce ta kawo dabara. Ta ce tun da da ƙarfen yarinyar take magana, to a ba ta amsa ta cikinsa. Tsohuwar da ko rediyo ba ta yarda a kunna kusa da ita, ta sa aka ɗauko rikodar, ta gyara zama, ta yi magana da Fulatanci. Ta ce ko maza uku ne suka riƙe igiyar nan ba za su iya ba, da ba ta buɗe hannu ba da ita ma ta bi ta, kuma Mairo da za a tambaye ta, cewa za ta yi saki, 'yata, saki. Da aka fita tara malam ya kunna, ya bar mata ajin. Ya ce ta bayan taga ya ga ta kara kunnenta a jikin rikodar har maganar ta ƙare, ta daɗe a tsaye. Sannan ita da kanta ta danna wurin ɗauka, dama ta saba ganin yadda malam yake yi.

Jiya ya kawo mana. Wannan karon ba sai an fassara ba, da Fulatanci ta yi, magana ɗaya tak. Ta tambaya ko Babanta ya sani, ko shi ya sa bai dawo ba.

Hamma, wannan ba ni zan amsa ba, ba Goggo ba. Na san abin da ya kore ka daga ƙasar nan, na san ka rasa mata da garke a shekara guda, ban taɓa ganin laifinka ba. Amma ka zo. Ka biyo motar da ta kawo maka takardar nan in za ta juyo. In maigidanka ya hana ka, ka nemi mai rikoda a nan zango ka yi mata magana a kaset, ka yi wa Bappa tasa maganar a ɗaya gefen kaset ɗin, ka ba direba. Hadari kullum ƙara nauyi yake yi.

Goggo tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ba ta yi maka izinin daɗewa ba. Bilya yana gaisuwa, da Asama'u da Rabi. Bappa ma ya ce a gaishe ka. Ka gai da Ya'u in kuna haɗuwa. Laure tana zaune kusa da ni tana kallon alƙalamin, na gaya mata wurinka takardar za ta, ba ta tashi ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Rahamatu.