Tsawona Ne Ya Hana Umma Shiga Gandun Daji

Zuwa ga shugaban kamfanin da ke ba da hayar mota mai ɗaki a Guangzhou.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan aiki yana tafiya lafiya. Sunana Rumaisa, shekarata goma sha uku. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuto. Na yi da Sinanci dominka, na kuma yi da Hausa domin iyayenmu 'yan kasuwa da kuke raba wa takardar talla ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci su ma su karanta.

A hutun watan Oktoba Abbana ya karɓi hayar motarku mai gado da kicin a ciki, don ya kai mu gandun daji na gwamnati mu ga duwatsu da ruwan da ke zubowa daga kansu. Saboda Umma ya yi. Shekara huɗu tana garin nan, ba ta san ko'ina ba sai gida da kasuwar kaya ta Guangyuan, kuma ƙarshen watan nan za ta koma Kano da ƙannena biyu, ba za ta dawo ba.

1. Ku kuka ce za ku yankar mana tikitin shiga. Ni na yi tafinta a ofishinku, don ni ce nake makarantar Sinawa. Ma'aikaciyarku ta duba fasfona, ta ga shekaruna, ta yankar mini tikitin yara. Ina tsaye a gabanta. Na fi ta tsawo. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

2. Sai da muka isa, bayan tafiyar yini guda da kwana a mota, muka san cewa a ƙofar nan ba shekaru ake dubawa ba, tsawo ake aunawa. Akwai jan layi a jikin bango, wanda ya wuce shi ba yaro ba ne. Aka tsayar da ni a jikin bangon, mutane cike a layi suna kallo, wasu suna ɗaukata a waya. Mai gadi ya sa na lanƙwashe ɗaurin gashina a ƙarƙashin hijabi, ko za a dace. Duk da haka na wuce layin. Abba ya ce zai sayi na manya, aka ce babu, na kwanakin hutun duk sun ƙare. Ni na fassara masa wannan da bakina.

3. Abba ya kira lambarku sau uku. A na ukun aka ɗauka, aka ce kowa ya san da layin awo. Mu ba mu sani ba. A Kano ba a auna yaro da bango. Ku da kuka sani, me ya hana ku faɗa?

Abba ya ce shi zai zauna da ni, Umma ta shiga. Umma ta ce ba za ta iya hawa dutse da yara biyu ba alhali ko ruwa ba ta iya tambaya da Sinanci. Haka Abba ya shiga da ƙannena, ita ta zauna da ni a wajen ajiye motoci tun safe har la'asar. Ta dafa taliya a kicin ɗinku, ta ce mini ita dama ƙafarta na ciwo. Na san ba ta ciwo. Sabon takalmi ta saya don wannan tafiyar.

Ba kuɗi nake nema ba. Ina roƙon ku ja layin nan a bangon ofishinku, ku auna kowane yaro kafin ku yanka masa tikiti. Sannan ku kira Abbana ku gaya masa kuskurenku ne, domin har yau cewa yake laifinsa ne, ni kuma na kasa haɗa ido da Umma in tana shirya akwatunanta.

Allah ya ba ku ciniki mai albarka. Allah ya sa kada a taɓa tsayar da 'yarka a jikin bango mahaifiyarta tana kallo.

Wassalam.

Rumaisa,
Guangzhou.