Motocin da Na Ƙera Maka, Jatau

Zuwa ga aminina Jatau, a duk garin da kake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar addini da ta zumunci, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka in Allah ya ba ka su. Ni ne Tanimu maƙerin fari na Birnin Gwari, mai jan ƙafar hagu, in shekaru sun sa ka manta. Ban san inda zan aika maka ba. Wani ya ce ya gan ka a Jos kana jan motar kuza, wani ya ce a Ikko. Shi ya sa na roƙi malamin da ya koya mana boko a ajin manya ya kai ta jarida. In ba ka karatu, wani zai karanta maka a tasha. Masu karatu su yi mini haƙuri, maganar tsakanina da kai ce, amma tun da a kasuwa aka fara ta, ba laifi in an ƙarasa ta a bainar jama'a.

Ka tuna muna yara, ranar da aka ce mota za ta wuce ta hanyar Funtuwa? Yara suka kwasa a guje suka bar ni, don shan inna ya riga ya taɓa mini ƙafa. Kai ka dawo ka goya ni har bakin hanya. Da muka koma gida na ɗauki kara na fere, na soka da tsinke, na yi mata tayoyi da fasasshiyar ƙwarya. Kai ba ka iya riƙe wuƙa ba, amma idonka ba ya mantuwa. Kana tsaye a kaina kana cewa, "Hancinta ya fi haka tsawo, Tanimu." Haka muka girma. Kai ka gani, ni in ƙera. Duk abin da ke bayan gari, da bakinka na san shi, kuma ban taɓa tambayarka shaida ba.

Da yaƙin Turawa ya tashi, motocin soja suka fara wucewa a jere, korra-korra, an rufe bayansu da tamfol. In sun tsaya a mashigi su sha ruwa, sai ka kai ni a kan jakin babanka. Ka riƙe mini bakin igiya muna auna su, direbobi na yi mana dariya. A nan na tsayar da ma'aunina: kamu ɗaya a jikin babbar, faɗin yatsa ɗaya a jikin ƙaramar. Ba a jima ba ka bi su ka shiga soja. Ranar da ka tafi ban hura wuta a maƙera ba.

Ka dawo da igiya biyu a hannun riga, ana ce maka Kofur. Kafin ka shiga gidanku, maƙerata ka fara zuwa. Ka zube mini tsaraba a kan buzu: ƙaramin magagari irin na Turawa, da dalma, da gwangwanin koren fenti, ainihin wanda ake shafa wa motocin. Ka ce Baturenku yana son ganin aikin hannun mutanen garinmu, in ya gani zai ɗauke ni aiki a garejin soja a Kaduna, inda ba a tambayar mutum ƙafa. Ka ce in ƙera maka lori, da motar sulke, da igwar da ake ja a baya.

Jatau, ban taɓa yin aiki kamar wannan ba, kuma ban sake ba. Na yanka garwar kananzir na daddale ta har ta kwanta. Na lanƙwasa bonet a kan ƙahon sa don ya yi irin kumburin nan nasa. Tayoyi na sassaƙa su da icen aduwa, na bi kowace da magagari ina fitar mata da haƙora. Na yanki tsohon kakinka na jiƙa shi da kakin zuma ya zama tamfol, na ɗaure shi da zare a ƙananan ƙugiyoyi. Fitilu da gindin kwalba na yi su. Na rataya mata shebur da diga a gefe, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Abin da ya fi cin raina sitiyari ne. Na sake shi ban san iyaka ba, sai da ya zama in ka murɗa shi tayoyin gaba su juya. Motar sulke kuwa ban taɓa ganin ta ba. A ƙasa ka zana mini ita da tsinke, ka nuna mini inda sojan ke leƙowa. Da na gama fenti sai ka ce sun cika sabunta, motar yaƙi ba ta haka. Na dama jar ƙasa da ƙaro na yayyafa a tayoyi da ƙarƙashi, har ka ce kana jin ƙamshin hanya.

Sai ka leƙa cikin lorin ka ce babu direba. Na sassaƙa ɗan mutum na zaunar da shi, hannuwansa a kan sitiyari. Ka juya shi a tafin hannunka, ka ce, "Baƙanta masa fuska. Ka yi masa zane irin namu. Bari su ga ɗan garinmu ne ke tuƙi." Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. Na ɗauki bakin allura na yi masa zane a kumatu.

Ka san Ilu ƙanena, ba sai na gaya maka ba, amma masu karatu ba su san shi ba. Shi ne ƙarfin gidanmu. Tun da babanmu ya rasu shi ke noma gonarmu ta bakin daji, shi ke cika wa Inna rumbu, an kuma riga an kai gaisuwar aurensa Saminaka. In ya dawo gona sai ya wanke hannu kafin ya taɓa lorin. Ya tsuguna, ƙato da shi, yana murɗa sitiyari da yatsu biyu yana murmushi.

Ka kwashe motocin a akwati ka ce sai Kaduna. Ba Kaduna ka nufa ba. Wata Bafillatana mai kawo mana nono ce ta fara gaya mini ta ga aikina a kasuwar Kakangi, a kan tebur, samari sun yi masa zobe. Daga baya aka ce an gan ka a Kazage, an gan ka a Saminaka. Kana ɗaga lorin sama kana nuna musu ɗan direban, kana cewa duk wanda ya ba da sunansa irin wannan za a damƙa masa, ya dawo gida da sana'a a hannu. Samarin da in sun ji an ce masu ɗaukar soja sun iso sukan kwana a daji, su ne suka riƙa turereniya a gaban teburinka.

Da Ilu ya ce zai tafi, na aika aka kira ka. A zauren gidanmu na tambaye ka, Inna tana bayan ƙofa tana ji. Na ce ka gaya mini tsakaninka da Allah, tuƙin nan gaskiya ne? Ka kama hannuna, ka ce, "Ƙanenka ƙanena ne. Ni zan koya masa da hannuna." Inna ta fito ta kama hannun Ilu ta sa a naka. Ta ce amana. Ka ce ka karɓa. Ka ci tuwonta a ranar, har ka nemi ƙari.

Shekarun yaƙi muka yi su ba labari. Inna ta riƙa zama a bakin hanya in an ce motocin soja za su wuce, tana duban gaban kowace. Gonar bakin daji ta koma saura, don ni ba na iya kai mata. Mutanen Saminaka suka jira iyakar jiransu, suka zo da kunya suka nemi a sawwaƙe wa 'yarsu.

Bayan an gama yaƙi wani mutumin Kakangi, Audu, wanda suka tafi tare da Ilu, ya zo maƙera. Na ɗauka gyara ya kawo. Ya zauna ya cire hula ya nuna mini tsakar kansa, gashi ya ƙare, fata ta yi kanta kamar wuyan san noma. Ya ce wannan ce motar da aka ba su. Ya ce cikin duk waɗanda ka kwasa babu wanda ya taɓa sitiyari. 'Yan dako aka mai da su. Aka sa su a jirgin ruwa aka kai su wata ƙasa mai duwatsu da ruwan sama, dajin da ko jaki ba ya ratsawa balle mota, suna ɗaukar akwatunan harsashi da buhunan abinci a ka. Ya ce a barikin Kaduna ka rabu da su, kuma da kunnensa ya ji kana gaya wa wani soja cewa gurbin direbobi ya cika tun bara. A makon nan aka ƙara maka igiya ta uku.

Na tambaye shi Ilu. Ya ce atuni ne ya kama shi, ya yi ta ɗaukar kaya da shi har ranar da ya kasa tashi. Suka yi masa salla suka rufe shi a gefen wani rafi da Audu bai san sunansa ba.

Na iya haɗiye wannan, don kowa da ranarsa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne abin da Audu ya faɗa daga ƙarshe. Ya ce tun daga Kaduna har cikin jirgi, har cikin dajin, Ilu bai daina ce musu kuskure aka yi ba. Yana cewa, "Ku bari Yaya Jatau ya ji, zai zo ya fitar da ni." In sauran suka zage ka sai ya tashi zai yi faɗa. Audu ya ce har ya kwanta ciwo bai yarda cewa da saninka aka yi ba.

Ni na gaya wa Inna. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "To, Jatau fa? Shi ya dawo lafiya?" Har ta koma ga Allah ban ji ta zage ka ba. Ta dai ce tana so ka zo ka mayar mata da abin da ta ba ka, ko da da baki ne.

Akwai wata tsohuwa daga Kazage da ta zo ranar kasuwa ta tsaya a ƙofar maƙera. Ta ce, "Kai ne mai motar?" Na ce ni ne. Ta ce 'ya'yanta biyu sun gani sun bi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi hannuwana ta daɗe, ta juya ta tafi. Kai ka yi maganar, Jatau, amma kai ba ka nan. Ni ake gani. A ƙauyukan nan har yau in an ce Tanimu, sai a ce wanda ya ƙera motar.

Tun daga ranar ban ƙara ƙera abin da ke da taya ba. Buta nake yi, da mazurari, da fitilar aci-bal-bal. Yara kan kawo mini motocinsu na kara in gyara musu, in ce su kai wa wani. Amma hannu ba ya jin magana. In lori ta tsaya a tasha sai in tarar ina auna ta da ido, kamu nawa, yatsa nawa, kafin in tuna in kau da kai. Ka raba ni da ƙanena, ka kuma raba ni da abu guda da na iya wanda ya sa nake mantawa da ƙafata.

An ce ka taɓa wucewa ta garin nan da motar kaya. Ka tsaya ka zuba ruwa a inji, ka ja rawani ka rufe fuska, ka wuce. Mai sayar da rake ya gane ka da tafiyarka. Daga tasha zuwa maƙerata ko ni mai sanda ba na hutawa a hanya.

Na yi ta neman uzurin da zan ba ka. Na ce wataƙila tilasta maka aka yi, aka ce ka kawo mutane ko a hukunta ka. Na ce wataƙila ka yi niyyar cire Ilu abin ya fi ƙarfinka. In haka ne ka zo ka faɗa, zan saurara. Na saba yarda da kai, ba zai yi mini wuya ba. Shirun nan ne ba na iya ɗauka.

Ga abin da ya sa na rubuto yanzu. Mahaifiyarka, Goggo Hansai, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Matata ce ke kai mata tuwo, ni nake liƙe mata bokiti in ya yi yoyo. Babu wanda ya gaya mata abin da ka yi, na hana. Kullum na shiga gaishe ta sai ta lalubo hannuna ta ce, "Tanimu, abokinka bai aiko ba?" In ce mata hanya ce ba kyau. Na gaji da yi mata ƙarya saboda kai. Ka zo ka gan ta tun tana gane murya. In ba ka iya haɗa ido da ni, ka aiko a gaya mini ranar, zan rufe maƙera in tafi Kakangi in wuni, ka shiga ka fita ba mu gamu ba. In kuwa ka iya, ka san ƙofar.

Allah ya jiƙan Ilu da waɗanda suka kwanta tare da shi a ƙasar da ba tasu ba. Allah ya jiƙan Inna. Allah ya ba iyayensu haƙurin da ni ban gama samu ba. Kai kuma Allah ya tsare ka a kan hanya, ya kiyaye ka daga hatsari, kada ya ɗauki ranka sai ka zo ka buɗe bakinka. Ban ce na yafe ba, don ba ni kaɗai ke da hakkin ba. Amma in na idar da salla ina jero sunayen mutanena, har yau naka yana fitowa kafin in tare shi, kuma na daina tarewa.

Wassalam.

Naka,
Tanimu maƙeri, Birnin Gwari.